Tarihin Hanns Vischer, Ɗan Hausa, da makarantar koyon sana'a ta Nasarawa a Kano

Akasarin mutane sun san Ɗan Hausa ne ta hanyar rubutun boko da kuma gidansa na ƙasa da ke unguwar Nasarawa a birnin Kano. To amma daga cikin makarantun da ya fara kafawa a shekara ta 1909 har da ta koyon sana'ar hannu, wadda ta karɓi yaran da ba su gaji sarauta ko malanta ba.

An haifi Hanns Vischer ne ran 14 ga watan Satumban shekara ta 1876 a birnin Basel na ƙasar Suwizalan, a yankin da ake magana da harshen Jamusanci. Ya fito ne daga ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen attajiran birnin, waɗanda suka yi arziki da sana'ar alharini, kuma suka shahara da riƙo da addinin Kirista. Shi kansa birnin na Basel cibiya ce ta wata babbar ƙungiyar mishan da aka kafa tun shekara ta 1815, wadda ta yi suna a ƙasar Gwalkwas, wato Ghana ta yanzu, saboda wuraren koyar da kafinta da ƙira da ta buɗe a can. Bayan karatunsa na farko a nahiyar Turai, Vischer ya zarce zuwa Ingila inda ya shiga kwalejin Emmanuel ta jami'ar Cambridge. A can ne ya ƙudurta shiga aikin mishan, ya kuma zaɓi ƙasar Hausa, wadda a lokacin Turawa ke jin labarinta daga bakin matafiya da fatake.

Daga aikin mishan zuwa aikin mulki

A shekara ta 1900 wata tawagar ƙungiyar mishan ta CMS a ƙarƙashin jagorancin Bishop Tugwell ta isa Kano, amma Sarkin Kano Alu ya ƙi ba ta izinin zama, lamarin da ya tilasta mata ja da baya har zuwa Loko a bakin kogin Binuwai. A wannan sansani na Loko ne Vischer ya iske 'yan tawagar. Zamansa da su bai yi tsawo ba, sa'annan a shekara ta 1902 ya ajiye aikin mishan baki ɗaya. A shekara ta 1903, shekarar da sojojin Gwamna Lugga suka ci Kano da Sakkwato da yaƙi, ya karɓi takardar zama ɗan ƙasar Birtaniya, aka kuma ɗauke shi aiki a matsayin mataimakin razdan a lardin Barno.

Abin da ya fara fito da sunansa shi ne tafiyar da ya yi a shekara ta 1906. Maimakon ya komo bakin aikinsa ta jirgin ruwa kamar yadda sauran jami'an mulki ke yi, sai ya nemi izinin ratsa hamadar Sahara daga Tarabulus, wadda a lokacin take ƙarƙashin Daular Usmaniyya, ya bi ta Murzuƙ da Bilma har zuwa tafkin Chadi. Da yawa daga cikin 'yan ayarin nasa alhazai ne da ke dawowa daga Makka, da kuma bayin da suka sami 'yanci a arewacin Afirka suke neman hanyar komawa ƙasashensu na asali. Wannan hanya ita ce wadda aka yi ƙarnoni ana bi da bayi zuwa gaɓar tekun Bahar Rum. Ya shafe watanni yana ci da sha tare da waɗannan mutane, yana jin Hausarsu da Barbarcinsu, daga bisani kuma ya wallafa labarin tafiyar a wani littafi da ya fito a Landan a shekara ta 1910. Ƙwarewarsa a harshen da kuma yadda yake cuɗanya da jama'a su ne suka jawo masa laƙabin Ɗan Hausa.

Halin da ilmi ke ciki a Arewa

Turawa ba su tarar da jahilci a ƙasar Hausa ba. Ƙiyasin da Gwamna Lugga ya bayar a wajejen shekara ta 1914 ya nuna cewar akwai makarantun allo kimanin 25,000 a Arewa, masu ɗalibai sama da 200,000, ban da zaurukan ilmi da ake karanta fiƙihu da nahawu da tafsiri. Kazalika ba su tarar da ƙarancin sana'a ba. Tun a shekara ta 1851 matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya bayyana Kano a matsayin cibiyar saƙa da rini da jima, wadda tufafinta ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Kowace sana'a tana da tsarinta da shugabanninta, kamar Sarkin Maƙera da Sarkin Magina, kuma galibi yaro kan koye ta ne a gaban mahaifinsa ko wani ɗan'uwansa. A taƙaice dai sana'a gado ce, wanda kuwa bai gada ba, da wuya ya sami ƙofar shiga.

Matsalar sabbin masu mulkin ta dabam ce. Suna bukatar magatakarda da masu lissafin haraji da masu awon gonaki, sa'annan suna bukatar kafintoci da magina da maƙera da suka san kayan aikin Turawa. Irin waɗannan ma'aikata kuwa sai an ɗauko su daga Ikko da Gwalkwas da Saliyo da tsada. A ɗaya hannun kuma Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin cewar gwamnati ba za ta tsoma baki a harkar addininsu ba, wanda hakan ya sa aka taƙaita ayyukan 'yan mishan a masarautun Musulmi, alhali su ne ke tafiyar da makarantun boko a Kudu. Akwai kuma wata matsalar ta uku. Dokar da aka kafa a shekara ta 1901 ta hana farautar bayi da cinikinsu, ta kuma ayyana cewar duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilun wannan shekara ɗa ne. Sakamakon haka sai aka sami yara masu yawa da aka ƙwato daga hannun masu fataucin bayi, waɗanda ba su da iyaye a kusa, ba su da gona, ba su kuma da sana'a. Gwamnati ta buɗe musu gidajen reno a Zungeru da Barno, amma hakan bai warware batun makomarsu ba.

Kafin Vischer an ɗan yi yunƙuri nan da can. Razdan Burdon ya tara wasu 'ya'yan sarakuna a Sakkwato a shekara ta 1905, shi kuma Dakta Walter Miller na CMS ya buɗe tasa makarantar a Zariya, amma kasancewarta ta mishan ya sa iyaye Musulmi suka yi ɗari-ɗari da ita. Gwamna Percy Girouard, wanda ya gaji Lugga a shekara ta 1907, shi ne ya yanke shawarar cewar gwamnati ce da kanta za ta kafa makarantu, ya kuma ɗora wa Vischer wannan nauyi. A farkon shekara ta 1909 aka tura shi Masar da Sudan da Gwalkwas domin ya ga yadda ake yi. Abin da ya fi tasiri a kansa shi ne kwalejin Gordon da ke Hartum, wadda aka buɗe a shekara ta 1902, inda aka haɗa horar da malamai da alƙalai da kuma sashen koyon aikin hannu a wuri guda, a cikin al'ummar Musulmi.

Makarantun Nasarawa

A cikin watan Satumban shekara ta 1909 Vischer ya fara koyarwa a Nasarawa, bayan ganuwar birnin Kano, kusa da gidan sarki na shaƙatawa da kuma mazaunin Turawa. Sarkin Kano Abbas ya ba da goyon baya, kuma baitulmalin Kano ya riƙa ɗaukar wani kaso na ɗawainiyar makarantar. Ɗaliban farko malamai ne da suka riga suka yi karatun Muhammadiyya, waɗanda aka koya wa karatu da rubutun Hausa da baƙaƙen boko da lissafi da labarin ƙasa da kiwon lafiya, da nufin su zama masu koyar da wasu. Daga nan sai aka buɗe sashen 'ya'yan sarakuna, da sashen elementare, da kuma makarantar sana'a. Cikin 'yan shekaru kaɗan ɗalibai suka riƙa zuwa daga larduna dabam-dabam na Arewa.

Tsarin da ya shimfiɗa ya ginu ne a kan kada yaro ya ji an raba shi da gidansu. Da Hausa ake koyarwa. Ginin azuzuwan na ƙasa ne irin na gargajiya, ɗalibai na sanye da rigunansu na gida, suna zaune a kan tabarmi. Malamai Musulmi ne ke koyar da addini da Larabci, ana tsayar da salla a kan lokaci, kuma ba a yarda da koyar da addinin Kirista ba. Shi kansa Vischer a gidan ƙasa ya zauna, wanda ya gyara ya kuma faɗaɗa da hannun maginan Kano, ga bakan gizo ga azara ga zanen bango. Mai ɗakinsa Isabelle ta zauna tare da shi a wannan gida, daga baya ma ta wallafa abubuwan da ta gani a Kano cikin harshen Faransanci a shekara ta 1917.

Duk da wannan taka-tsantsan, jama'a ba su saki jiki ba. Mutumin da ya zo ƙasar da farko a matsayin ɗan mishan, ba abin mamaki ba ne a zarge shi da wata ɓoyayyar manufa. Da yawa daga cikin hakimai da masu sarauta, idan aka matsa musu su kawo 'ya'yansu, sai su tura 'ya'yan barorinsu ko na bayinsu a madadin nasu. Abin da aka yi da nufin kare ɗan gida daga sharrin boko sai ya zama alheri ga wanda aka tura, domin wasu daga cikin irin waɗannan yara sun zama malaman makaranta da ma'aikatan En'e, har suka shiga gaban 'ya'yan iyayen gidansu.

Makarantar sana'a

Sashen da ya fi kusa da talaka shi ne makarantar sana'a. A nan ana koyar da kafinta da ƙira da jima da dukanci da saƙa da ɗinki da gini. Dabarar Vischer ita ce a ɗauko gwanayen sana'a daga cikin birni su zama masu koyarwa, sa'annan a gabatar musu da sabbin kayan aiki da hanyoyin awo, ta yadda za a kyautata abin da ake da shi ba tare da an rushe shi ba. Ɗan koyo yana yin aiki na haƙiƙa, wato ƙofofi da tagogi da tebura da akwatuna da kayan fata da ake bukata a ofisoshin gwamnati da na En'e, kuma ana sayar da abin da aka ƙera. Ta haka yaron ke ganin cewar aikin hannunsa yana da kuɗi, makarantar kuma tana rage wa baitulmali nauyi.

Muhimmancin wannan sashe yana ga irin yaran da yake ɗauka. Ɗan sarki ba ya zuwa ya riƙe guduma, ɗan malami ma haka, domin a tsarin zaman jama'a na wancan lokaci wasu sana'o'in, irin su jima da ƙira, ana yi musu kallon na ƙasa-ƙasa duk da amfaninsu. Saboda haka waɗanda suka cika wurin su ne 'ya'yan masu sana'a da barori da yaran da ba su da galihu. Bugu da ƙari, aikin kafinta da zarto da kusa da ma'auni sabon abu ne a ƙasar da ta saba da sassaƙa da gizago, shi ya sa ma har yau sunan sana'ar na aro ne. Tun da ba ta da gidan da ya gaje ta, ba ta kuma da sarkin da zai ce wane ya shiga wane kada ya shiga, sai ta zama ƙofa a buɗe ga marar gado. Yaron da a da ba shi da abin dogaro sai ƙarfinsa, yanzu yana iya fita da sana'ar da ake nema.

Lokacin ma ya dace. Layin dogo ya iso Kano a shekara ta 1911, kuma daga shekara ta 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanonin Turawa da na Kwara suka yi ta gina kantuna da rumbuna a kusa da tashar jirgin. Bukatar magina da kafintoci da masu gyaran ƙarfe ta ninka. Amma yawan waɗanda makarantar Nasarawa ke iya yayewa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da bukatar, shi ya sa galibin ƙwararrun ma'aikatan jirgin ƙasa da na kamfanoni suka ci gaba da zuwa daga Kudu, suna sauka a Sabon Gari. Wannan giɓi na ƙwararrun ma'aikata ya bi Arewa har zuwa lokacin samun mulkin kai.

Boko da ajami

Ba za a kammala tarihin Ɗan Hausa ba tare da an taɓo batun rubutu ba. Hausawa sun daɗe suna rubuta harshensu da ajami, musamman waƙoƙin wa'azi da wasiƙu. Vischer na daga cikin waɗanda suka tsaya tsayin daka a kan a yi amfani da baƙaƙen Latin a makarantun gwamnati. Hujjojin da ya gabatar wa magabatansa sun haɗa da tsadar buga ajami da wasullansa a injin ɗab'i, da saurin koyon baƙaƙen boko, da ƙarancin Turawan mulki da suka iya rubutun Larabci, har ma da cewar amfani da ajami tamkar gwamnati ce ke taimaka wa yaɗuwar Musulunci. A shekara ta 1912 ya wallafa ƙa'idojin rubutun Hausa, waɗanda suka zama tubalin farko na daidaita rubutun boko. Haruffa masu lanƙwasa da ake amfani da su a yau sun zo ne daga baya, a cikin shekarun 1930, zamanin da Dakta Rupert East ke jagorantar hukumar talifi a Zariya.

Wannan mataki yana da fuska biyu. Ta wani ɓangaren ya share fagen buga littattafai da jaridu masu araha, irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a shekara ta 1939, ya kuma ba ɗan koyon sana'a damar karanta awo da rubuta lissafin aikinsa da harshen uwa. Ta ɗaya ɓangaren kuma ya mayar da dubban malamai da almajirai masu rubutu da karatu tamkar waɗanda ba su iya komai ba a idon ofis, ya kuma assasa rabuwar makarantar allo da ta boko, matsalar da har yanzu hukumomi ke fafutukar ɗinkewa.

Bayan barin Kano

An naɗa Vischer daraktan ilmi na farko na Arewacin Nijeriya, amma zamansa a kan aikin bai daɗe ba. Bayan ɓarkewar yaƙin duniya na farko a shekara ta 1914 ya koma Turai, inda ya yi wa rundunar sojan Birtaniya aikin leƙen asiri saboda yawan harsunan da yake ji, har ya kai muƙamin manjo. Bai sake komawa kan kujerarsa ta Kano ba, kuma a shekara ta 1919 ya ajiye ta. A halin da ake ciki kuma an riga an fara buɗe makarantun larduna a wurare irin su Sakkwato da Katsina da Zariya da Bida, inda malaman da ya horar suka zama ginshiƙi. A shekara ta 1922 Gwamna Clifford ya buɗe kwalejin horar da malamai ta Katsina, wadda ta yaye mutane irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello.

Daga shekara ta 1923 zuwa 1939 Vischer ya riƙe muƙamin sakataren kwamitin da ke ba ma'aikatar kula da ƙasashen renon Ingila shawara a kan ilmi. Ya raka tawagar Phelps-Stokes ta Amurka a rangadin da ta yi a gabashin Afirka a shekara ta 1924, kuma kwamitin nasa ne ya fitar da takardar manufofin ilmi ta shekara ta 1925, wadda ta nemi a daidaita karatu da yanayin rayuwa da sana'o'in jama'a, a kuma koyar da yara da harsunansu. Kazalika yana cikin waɗanda suka kafa cibiyar nazarin harsuna da al'adun Afirka ta ƙasa da ƙasa a Landan a shekara ta 1926, inda ya zama babban sakatarenta, Lugga kuma shugabanta. An ba shi lambar girma ta Sir a shekara ta 1941. Ya mutu a Ingila ran 19 ga watan Fabrairun shekara ta 1945 yana da shekaru 68 da haihuwa.

Yabo da suka

Masana tarihi sun rabu a kan yadda za a auna aikinsa. Masu yabonsa na nuni da cewar ya mutunta harshe da addini da fasahar mutanen da ya zauna a cikinsu, a zamanin da akasarin Turawa ke raina su, kuma ba don lallamar da ya bi ba da ƙila sarakuna da malamai sun rufe ƙofa gaba ɗaya. Masu sukarsa kuwa, ciki har da 'yan bokon Arewa na farko, na ganin tsarin nasa an ƙera shi ne domin ya ƙarfafa mulkin Turawa ta hannun sarakuna: ɗan sarki a koya masa mulki, ɗan malami a koya masa aikin ofis, ɗan talaka a miƙa masa zarto, kowa ya tsaya inda aka haife shi. Jinkirin koyar da Ingilishi ya hana ɗalibai zarcewa zuwa manyan makarantu, alhali takwarorinsu na Kudu na zama lauyoyi da likitoci da injiniyoyi. 'Ya'ya mata kuwa ba su shiga lissafi ba sam, sai a shekara ta 1930 aka buɗe musu makarantu a Kano da Katsina.

Ita ma makarantar sana'a ba ta tsira daga wannan rauni ba. An tsara ta ne domin ta fitar da mai aikin hannu, ba a yi mata matakalar da za ta kai yaro ga ilmin injiniya ba. Da aka sake fasalin ilmi a wajejen shekara ta 1930 a ƙarƙashin darakta Hussey, sai aka narkar da makarantun sana'a a cikin makarantun midil, inda aikin hannu ya koma darasi ɗaya daga cikin darussa. Tun da kuwa albashi da daraja suna ga mai riƙe alƙalami, ɗalibai da iyayensu suka karkata can.

Daga Nasarawa zuwa Wudil da Gaya

Babban abin da tsarin Nasarawa ya kasa yi shi ne isa ƙauye. Yaron da aka haifa a ƙasar Gaya ko Ajingi, ko a gari irin Toranke a gabashin Kano, ba shi da wata hanya ta zuwa wurin sai idan hakimi ne ya ɗauke shi. Abin lura kuwa shi ne, bisa ga labarin da aka gada kaka da kakanni, daga Gaya ne maƙeran farko, wato Abagayawa, suka tashi suka zauna a gindin dutsen Dala saboda tamar da suka samu a wurin, har garin Kano ya kafu. Ke nan yankin da ake danganta asalin ƙirar Kano da shi, sai da ya jira kusan rabin ƙarni bayan Vischer kafin makarantar fasaha ta zamani ta matso kusa da shi.

Hakan ya faru ne a daidai lokacin samun mulkin kai, sa'ad da gwamnatin Jihar Arewa a ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello ta buɗe makarantun sana'a a larduna, ta kuma kai da dama daga cikinsu ƙananan garuruwa, kamar Wudil a lardin Kano da Mashi a lardin Katsina da Soba a lardin Zazzau. Ta Wudil, wadda ke maƙwabtaka da Gaya, ita ce daga baya ta zama kwalejin fasaha ta gwamnati. A shekara ta 1977 Jihar Kano ta kafa makarantun sakandaren kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda ke ɗaukar ɗalibai ta hanyar jarrabawa, kuma suka fitar da likitoci da injiniyoyi masu yawa, ciki har da 'ya'yan manoma. A wannan shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta kafa hukumar kula da ilmin fasaha ta ƙasa mai hedkwata a Kaduna. A shekara ta 2001 jami'ar fasaha ta Jihar Kano ta fara aiki a Wudil, wadda a shekara ta 2022 aka sanya mata sunan Aliko Ɗangote.

To sai dai kuma ba dukkan yunƙurin ne ya haifar da ɗa mai ido ba. Lokacin da aka fara aiwatar da tsarin 6-3-3-4 a shekara ta 1982, an wajabta darasin share fagen fasaha a ƙananan makarantun sakandare, aka kuma sayo injuna daga ƙasashen waje. A makarantu da yawa, musamman na karkara, injunan sun ruɓe a cikin akwatunansu saboda rashin wutar lantarki da ɗakunan aiki da malaman da suka san kansu. A nan dabarar Nasarawa ta fi dacewa, domin Vischer ya fara ne da malami da kuma gwanin sana'ar da ke cikin gari kafin ya kawo kayan aiki, ya kuma yi magana da ɗan koyo da harshen da yake ji. Wannan darasi yana nan da amfaninsa a zamanin da ake maganar kai kwamfuta da intanet da lantarki mai aiki da hasken rana makarantun ƙauye, kamar yadda kuskurensa na raba yara bisa ga asalinsu ya zama abin gudu.

Gidan Ɗan Hausa dai yana nan tsaye a Nasarawa, an mayar da shi gidan adana kayan tarihi a ƙarƙashin hukumar tarihi da al'adu ta Jihar Kano, inda ɗalibai da baƙi ke zuwa kallon ginin da kuma kayan sana'o'in gargajiya da aka tara a ciki. Ƙa'idojin rubutun da ya shimfiɗa su ne aka yi ta gyarawa har suka zama waɗanda miliyoyin mutane ke rubuta Hausa da su a Nijeriya da Nijar da sauran sassan duniya. Ita kuwa tambayar da ya fara fuskanta a shekara ta 1909, wato yadda ɗan talaka marar gado zai sami ilmin da zai riƙe kansa da shi ba tare da ya rabu da addininsa da al'adarsa ba, har yau tana gaban iyaye da malamai da mahukunta, daga cikin birnin Kano har zuwa ƙauyukan Gaya da Ajingi.